Yadda Na Ɓata Bareyin Baba Jatau

A tashar Funtuwa na fara zargin Ɗanliti, dillalin da ya ɗauko ni aiki. Tun daga Maraɗi yake cika mini kunne cewa aikin gadi zan yi a Kaduna, gidan wani Alhaji mai bene, da ɗakina da fanka, abinci sau uku a rana. To ga motocin Kaduna can 'yan kamasho suna ta kira, shi kuwa ya ja hannuna zuwa wata tsohuwar mota da aka ɗaure ƙofarta da igiya, ana loda mata buhunan dusa.

Na ce, "Ɗanliti, wagga mota ina za ta tahi?"

Ya ce, "Birnin Gwari. Ai duk Kaduna ce, jiha ɗaya. Kai dai shiga."

Sunana Lawali. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa a ƙasar Nijar, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Maraɗi ba. Damina biyu a jere gero bai yi mana ba. Na baro mata da 'ya ɗaya, da tsohuwata da awakinta bakwai. Katin shaidata yana aljihun Ɗanliti tun kan iyaka, wai don kada in yar. Ban san kowa ba a Funtuwa, ban san hanyar komawa ba, sai na shiga.

Da muka bar gari ana hira a motar, har da masu musun farashin taki. Da itatuwa suka fara haɗe hanya sai direba ya kashe rediyo. Hira ta mutu. Ni da na tashi inda kake hango mutum tun yana ɗigo, na ga daji ya rufe mu dama da hagu, ban san lokacin da na fara salati ba. Wata tsohuwa da ke gefena ta tambaye ni inda za ni. Ɗanliti ya riga ni amsawa, ya ce gandun Alhaji, bayan Kuyello. Ta dube shi, ta dube ni, ta yi salati a hankali. Sai ta kwance bakin zanenta ta zuba mini ƙuli-ƙuli a hannu, ta ce, "Ci, ɗan nan. Allah ya mai da kai ga mahaifiyarka." Na yi mata godiya na ci.

Ba mu ma kai cikin Birnin Gwari ba. A wata mararraba muka sauka, muka hau babura, muka bi hanyar ƙasa tsakanin gonakin masara da dawa har Kuyello, muka wuce zuwa wani ɗan ƙauye da ke bakin daji. Nan Ɗanliti ya miƙa ni ga wani gajeren tsoho mai farin gemu da ke zaune yana gyaran kube. Ya ce bari ya je ya sayo katin waya. Har yau da nake wannan rubutu bai dawo da katin wayar ba, nawa katin ma bai dawo da shi ba.

Tsohon shi ne Baba Jatau, mafarauci ɗan mafarauci. Ya dube ni tun daga rawanina har silifas, ya ce, "To, Malam Buzu, me aka ce maka za ka yi?"

Na ce, "Baba, ni ba Buzu ba ne, Bahaushe ne. Gadi aka ce."

"Duk wanda ya fito daga can da rawani Buzu ne a wurina. Zauna in gaya maka gaskiya, tun da wancan ɗan banzan bai gaya maka ba. Mutum huɗu suka yi aikin nan kafin kai, duk 'yan garin nan, duk sun ajiye. Shi ya sa aka je har Nijar aka nemo wanda bai san komai ba."

Aikin kuwa shi ne ciyar da namun daji. Wai Alhaji ya je ƙasar Turawa ya ga masu filin farauta suna zuba wa bareyi abinci rani da damina, don su zauna a filin kada su yi nisa, in lokacin harbi ya yi a same su da ƙiba. Ya dawo ya sayi wani yanki na daji a bakin rafi, ya sa aka yanka duro uku aka ajiye. Da, yakan zo da abokansa su yi harbi su gasa nama. Tun da 'yan bindiga suka cika dajin bai sake takowa ba, amma dusa ba ta fasa zuwa ba, da kanwa da harawa. Raina ya ɓaci da na ji. A ƙauyenmu shekarar da ta wuce mutane ne suka ci dusa, nan kuwa ana ɗauko ta a mota a kai wa naman da ba na kowa ba. Na faɗa wa Baba haka. Ya ce in ajiye fushina, akwai abin da ya fi shi muhimmanci.

Washegari da safe ya nuna mini. Tafiyar kusan awa guda ce daga ƙauyen, ni da buhu a ka, shi da bindigarsa ta toka a kafaɗa. Kafin a kai rafin akwai wani dutse mai faɗi. Muka hau, muka kwanta rub da ciki. Can ƙasa ga durukan nan uku, ga kurmi mai duhu a gefensu. Rana na ɗagowa sai ga su suna fitowa ɗaya-ɗaya, jajaye masu ɗigon fari a jiki. Baba ya ce yawancinsu mazo ne, ni dai duk bareyi nake ce musu, har ya gaji ya bar ni. Kowace ta ci baki biyu sai ta ɗaga kai, kunnuwa na juyawa.

Ya kawo bakinsa kusa da kunnena. "Ka gan su? Su ne masu gadinmu. Hancinsu na jin mutum tun daga nesa. In akwai ɗan Adam a kurmin nan, ko ɗaya ba za ta fito ba. In ta fito ta ji shi, za ta yi haushi sau ɗaya kamar kare, duk su watse. To kullum nan za mu fara kwantawa. In sun zo sun ci hankali kwance, daji lafiya, mu jira su tafi mu sauka mu zuba na gobe. In ba su zo ba, mu juya gida, ko Alhaji zai mutu. Shekara shida ke nan abin da ya raya ni."

Sai dokoki. Kada su gan ka. Kada su ji muryarka. Ka watsa toka ka ga inda iska ta nufa kafin ka sauka. Ka murza ganye a hannu kafin ka taɓa duro. Ba sabulu mai ƙanshi, ba fitsari kusa da wurin. Ya kama kunnena kamar yaro, ni da nake da 'ya, ya ce, "Tsoron da suke ji shi ne ranka da nawa. Ranar da suka saba da mutum, mun makance."

Ban yarda sosai ba sai a sati na uku. Muka kwanta a dutsen har rana ta yi zafi, ko gada ba ta gitta ba. Baba ya taɓa ƙafata, muka ja da baya da ciki, muka dawo gida. Kwana biyu bayan haka labari ya zo cewa 'yan bindiga masu babura sun kwana a bakin wannan rafin, daga nan suka faɗa wa wani ƙauye ta wajen Saminaka. Ranar na kasa cin tuwo. Daga nan na riƙe dokokin Baba kamar karatun sallah.

Zaman ƙauyen ne ya fi dajin yi mini wuya. Mutane sun sha wahala, kuma sun san 'yan bindiga ba sa shiga gari sai da ɗan gari ko baƙo mai kai musu rahoto. Ni kuwa baƙo ne, mai rawani, mai shiga daji kullum. In na doso majalisa sai hira ta tsaya. Yara na bi na suna kwaikwayon maganata, "mi ya hwaru, mi ya hwaru." A masallaci ana ba ni hannu, amma da yatsu uku. Mutum ɗaya ce ta ɗauke ni ɗa, Inna Hajara matar Baba. Ta lura tuwon masara ba ya wuce mini, sai ta riƙa sa a sayo mata gero ranar kasuwa ta dama mini fura. Ranar farko da ta miƙo mini ƙwaryar na juya baya don kada ta ga idona.

Da rani ya tsananta, kututture ya soki Baba a tafin ƙafa. Abu kamar wasa, ƙafa ta kumbura, ciwo ya ƙi rufewa. Ya zauna a gida ana sa magani, ni na ci gaba da zuwa ni kaɗai. Kowace safiya sai ya maimaita mini dokoki daga kan tabarmarsa, ni kuma in ce na ji.

A nan ne na yi abin da na yi. Ba zan ɗora wa shaiɗan ba, shaiɗan na da aikin da ya fi wannan. A wurinmu ba a ba dabba abinci a ɓoye kamar ɓarawo. Tsohuwata in za ta ba awakinta dusa, ƙwarya take ƙwanƙwasawa da zobenta, ta kira kowace da sunanta, tana yi musu faɗa suna ci. Haka na tashi na gani, haka hannuna ya saba. Wata safiya na juye dusa, sai na buga tasar da nake ɗiba da ita a bakin duro don ragowar ta zube. Ƙarar ta fita ta cika wurin. Na ɗaga kai, sai ga wata barewa a bakin kurmi tana kallona, mai yagaggen kunnen hagu, haƙarƙarinta duk a waje. Ba ta gudu ba. Yunwa ta fi ƙarfin tsoronta.

Wata biyu ke nan ba wanda ya dube ni haka, ba zargi ba tsokana. Na ce mata, "Sannu." Wallahi abin da na ce ke nan.

Washegari na sake buga tasar, wannan karon da zobena, da gangan. Na ja baya na zauna a gindin wata ɗorawa maimakon in tafi. Ta fito. Bayan kwana goma tana ci ina zaune. Na sa mata suna Kyalla, sunan akuyar tsohuwata. Ɗorawa ta nuna, na riƙa ɓare mata garin ina ajiyewa kusa da ƙafata, kullum ina matso da shi, har ranar da ta lashe shi a tafin hannuna. Harshenta da kaushi, numfashinta da ɗumi. Na ba ta labarin matata, da 'yata da ta fara tafiya ba na nan, da Ɗanliti, na zage shi son raina tana taunawa. Sauran suka ga ba abin da ya same ta, su ma suka matso. Kafin ruwan farko ya sauka, ina saukowa daga dutse suna kan duro, sai dai su matsa mini in zuba.

Na san abin da nake yi? Na sani. Kullum a hanyar dawowa sai in ce gobe zan daina. Sai in ce ai ni kaɗai suka sani, warina daban ne, wani in ya zo za su gudu. Ban taɓa gwadawa ba, don ba na son in ji amsar.

Da damina ta kama, Baba ya ce ya gaji da zama. Ciwon bai rufe duka ba, amma ya ɗaure ƙafar da tsumma, ya ɗauki sanda, Inna na faɗa yana faɗa, muka fita. Na ɓoye zobena a aljihu. Muka kwanta a dutse, suka fito. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Namun nan sun yi rashin kunya. Dubi waccan, tun ɗazu ba ta ɗaga kai ba."

Na ce, "Ƙila ƙoshi ne, Baba."

Ya juyo da ƙananan idanunsa a kaina. "Malam Buzu, ka kiyaye abin da na gaya maka?"

"Na kiyaye, Baba."

Ya yarda. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau, bai sake tambaya ba.

Kwana huɗu bayan haka, ranar Talata, an yi ruwa da asuba, ƙasa na ƙanshi. Muna hawa dutsen Baba ya tsaya ya karkata kai. Ya ce zabin daji ba su yi kuka ba yau. Muka kwanta. Shiru ya yi yawa, ni ma na ji. Sai ga Kyalla ta fito, sauran na biye da ita, suka sa kai a duro suna ci kamar awakin gida.

Baba ya sauke numfashi. "To, ga su. Hancinsu ya fi kunnena. Tsufa ne."

Na kama gefen rigarsa. Na ce, "Baba, mu koma gida yau."

"Don me?"

"Haka nan dai. Jikina bai ba ni ba."

"Ka ga wani abu?"

"A'a."

"Akwai abin da ka sani wanda ban sani ba?"

Maganar tana bakina. Kalma biyar ce ko shida. Na tuna yadda ya kama kunnena, na tuna furar Inna, na ga ana kora ta daga gida ɗaya tilo da ya karɓe ni a ƙasar nan. Na ce, "Babu, Baba."

Ya ce to tun da shi gurgu ne bari ya fara gangarawa a hankali, in sun gama watsewa in biyo shi da buhu. Ya rataya bindiga, ya dogara sanda, ya sauka. Ina kallon bayansa. Yawancin namun sun shige, saura uku. Ya tsaya bayan wata bishiya yana jiran su ji shi su gudu. Ba su gudu ba. Ya fito fili, ya taka, ya sake takawa. Kyalla ta ɗaga kai ta dube shi, ta matsa gefe kamar yadda take matsa mini, tana jiran dusa.

Baba ya tsaya cak. Daga inda nake na ga ya gane. Ya fara juyowa, sai kurmin ya motsa. Mutum biyar suka miƙe da bindigogi, taku kaɗan daga durukan. Tun kafin mu zo suna nan kwance, namun na ci a gabansu.

Suka ƙwace bindigarsa, ɗaya ya buga masa gindin tasa a kafaɗa ya durƙusa. Na ji babbansu ya ce, "Tsoho, kai da wa?"

Baba mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar ya ɗaga ta har ta doki dutsen. "Ni kaɗai ne! Ni kaɗai nake aikin nan. Buzun da ke taimakona ya gudu garinsu tun watan jiya."

Na manna fuskata a dutse. Na ji suna cewa sun san shi, shi ne ya san daji, zai nuna musu mashigin da za su ƙetare da shanu ba tare da sun haɗu da jami'ai ba. Na ji harbi biyu, na ɗauka shi ne, fitsari ya kufce mini. Ashe namun suka harbe, biyun da suka tsaya suna kallonsu. Da na saci kallo sun saɓa naman, sun tasa Baba a gaba ba sanda, yana jan ƙafa. Bai waiwayo dutsen ba ko sau ɗaya. Na kwanta a wurin tururuwa na cizona har rana ta take tsaka, sannan na bar buhun na ruga ƙauye.

Kafin in gama ba da labari an kewaye ni. Wani ya ce me ya sa aka ɗauki ɗan gari aka bar baƙo. Wani ya ce dama sun faɗa, infoma ne. Na ga igiya a hannun wani saurayi, na ga wani ya ɗaga taɓarya. Sai Inna Hajara ta ratso su ba ko mayafi, ta tsaya a gabana, ta ce, "Baƙon mijina ne. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni." Ta ja ni cikin gida ta rufe ƙofa.

Da ta bar su sun ɗaure ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a tsakar gida na gaya mata komai, tasa, zobe, garin ɗorawa, da tambayar da ya yi mini a kan dutse. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta zage ni ba. Ta shiga madafa ta fito da tuwo ta dire a gabana, ta ce, "Ci. In Allah ya dawo da shi, da bakinka za ka gaya masa." Daga ranar ba ta sake dama fura ba, kuma ba ta sake yi mini magana ba sai ajiye kwano.

Kwana tara muka yi. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko shi ne. A rana ta goma wasu manoma suka tsince shi a gefen gona ta wajen Tabanni, ba takalmi, ba ya iya tsayuwa. Sun yi ta yawo da shi cikin ruwa da laka, da suka ƙetare suka yar da shi. Aka kai shi asibiti a cikin gari. Likita ya kwance tsumman ya duba, ya ce ƙafar ta riga ta tafi. Suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Na same shi a gado ya rame, gemun ya yi tsawo. Inna na zaune a gefe, ta dube ni ta kau da kai. Na durƙusa na faɗa. Ya rufe ido har na zaci barci ya yi.

Sai ya ce, "Tun da ta matsa mini gefe na sani. Hannu ka ba ta?"

"E, Baba."

"Har suna, ko?"

"Kyalla."

Ya yi wata 'yar dariya da ba daɗi. "Na tambaye ka sau biyu, Lawali." Ranar ce ta farko da ya kira ni da sunana, na gwammace Buzun. Na ce ya yafe mini. Ya ce maganar yafiya a bari tukuna, akwai aiki. Wai Alhaji ya bugo waya, ya yi jaje, sannan ya tambaya ko namun suna nan. Ya ce ba za a daina zuba dusa ba, har an tura Ɗanliti ya nemo wasu.

Baba ya ce, "Wani zai zo, ɗan wata tsohuwa kamar taka. Mutanen gari za su nuna masa dutsen, su ce in ka ga suna ci, daji lafiya. Zai yarda da su kamar yadda na yarda. Ka je ka mai da musu abin da ka ƙwace, sannan ka tafi garinku."

Mafarauta uku abokan Baba suka raka ni, suka tsaya a kan dutse da bindigoginsu. Na sauka ni kaɗai da tasa, aljihuna cike da duwatsu. Na ɗauka bayan harbin nan ba za su zo ba, har na yi fatan haka. Na buga zobe sau uku. Kurmi ya motsa, sai ga Kyalla, da wasu shida a bayanta. Ta taho kai tsaye tana miƙo hanci wajen hannuna.

Na yi ihu na jefe ta a haƙarƙari. Ta yi tsalle ta koma baya, sauran suka watse, mafarautan suka saki bindiga sama. Ita kuwa ta tsaya can tana kallona. Washegari na sake bugawa. Mutum biyu cikin mafarautan suka sauko da kulake da karnuka muka bi su har cikin kurmi. Sauran ba su ƙara fitowa ba. A rana ta uku ita kaɗai ta zo, a hankali, tana tsayawa tana tafiya, har ta kawo inda na saba ajiye mata garin ɗorawa. Na bari ta matso sosai. Na zaɓi dutsen da ya fi girma, na daidaita, na sake shi da duk ƙarfina. Ya same ta a ƙarƙashin ido. Jini ya zubo.

Ta yi baya tana tangaɗi. Ta ɗaga hanci ta shaƙi iskar da ta taso daga wurina, kunnuwanta suka miƙe. Sai ta yi haushi, sau ɗaya, kamar kare, ta faɗa kurmi. Wannan ne kukan da Baba ya kasa kunne yana jira ranar Talata. Na zauna a bakin duro na yi kuka kamar wanda aka yi wa mutuwa, mafarautan suka bar ni sai da na gama.

Mun ƙara kwana biyu muna gwadawa. Muddin akwai mutum a kusa, ko ɗaya ba ta fito ba. Na je na gaya wa Baba. Ya ce, "To. Yanzu na yafe." Da zan tafi Inna ta miƙo mini ƙullin dawon fura a leda. Abokan Baba suka sa ni a motar masara zuwa Funtuwa, daga nan na bi ta Jibiya, na ƙetare iyaka ta hanyar ƙafa tun da ba kati.

Na iso gida da la'asar, daidai lokacin ba awaki dusa. 'Yata ta ɓuya bayan uwarta, ba ta san ni ba. Bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe, tsohuwata ta miƙo mini ƙwarya, ta ce, "Amshi, kira su, sun yi kewar ka." Na karɓa, na ɗaga hannu da zoben a yatsa. Awakin har sun juyo suna jira. Na daɗe a haka, sannan na mai da mata ƙwaryar na ce, "Inna, kira su da kanki."